Ɗaga Mota Ba Ya Kashe Garanti: Abin Da Dokar Amurka Ta Ce

Magana ta yaɗu tsakanin masu motocin shiga daji a Amurka cewa wai da zarar ka sa wa sabuwar motarka ƙarafunan ɗaga ta sama, garantinta ya mutu murus. Wasu dilolin ma da bakinsu suke faɗa wa mai saye haka. Ba haka doka ta ce ba.

Dokar ita ce Magnuson-Moss ta 1975, mai ɗauke da sunan Sanata Warren Magnuson da ɗan majalisa John Moss, kuma hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ke sa ido a kanta. Ta shafi kayan amfanin gida da na kai masu rubutaccen garanti, mota na ciki. Ta hana kamfani ya ce sai ka yi amfani da kayan gyaransa ko garejinsa kafin garanti ya yi aiki, sai dai in kyauta zai ba ka. A 2018 hukumar ta aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi kan irin wannan sharaɗi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne nan. Dokar ba ta ce kamfani ya gyara ɓarnar da kai ka jawo ba. Idan rediyo ko na'urar sanyaya mota ta lalace, ba ruwanta da tsayin mota, dole su gyara. Amma idan ka ɗaga mota inci shida, ka sa manyan tayoyi, farfela ta karkace daga yadda aka ƙera ta, boris ɗin ƙafa ya ɗauki nauyin da ba nasa ba, sannan ɗayansu ya ci, suna da damar ƙin biya. Wannan ɓangaren kaɗai suke iya cirewa, sauran garantin yana nan. Kuma su ne za su nuna cewa ɗagawar ce ta jawo matsalar.

A takarda wannan adalci ne. A zahiri kuwa, dila yana cewa a'a cikin minti biyu, kai kuma ka kwashe watanni kana bin haƙƙinka. Gaskiya ne mai motar da ya yi nasara a kotu ana iya biyansa kuɗin lauya, amma mutum nawa ne za su kai ƙara kan boris?

Shi ya sa zaɓin kaya yake da nauyi. Ɗagawar inci biyu ba ta cika sauya zaman ƙafafun mota sosai ba, hujjar dila a kanta ba ta da ƙarfi. Kowane inci da ka ƙara, ka ƙara masa abin faɗa. A sa sifirin da shokozoba da suka dace da motar, a saita tayoyi bayan an gama, a adana rasit da takardar saitin, domin su ne shaidarka ranar gardama.

Kada kuma a haɗa garanti da izinin hawa titi. Tsayin bamba da na fitilun gaba dokar jiha ce, kuma ƙa'idar ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Motar da garantinta yake daram tana iya jawo maka tara a hannun ɗan sanda.