Alhakin Asibiti a Lokacin Ɓarkewar Amai da Gudawa a Karkarar Kano da Jigawa

Alhakin asibiti a lokacin ɓarkewar cututtukan da ake ɗauka ta ruwa shi ne nauyin da ke wuyan wurin jinya na ceton wanda aka kawo masa, tare da tabbatar da cewa cutar ba ta tashi daga gadon mara lafiya ta koma kan masu jinya, ma'aikata da sauran mutanen gari ba. Cututtukan sun haɗa da taifot, atuni da ciwon hanta nau'in E, wanda ya fi tsananta ga masu juna biyu, amma wadda ta fi jarraba asibitocin karkara ita ce kwalara, wato amai da gudawa, domin takan kwantar da mutane da yawa a lokaci guda, kuma takan iya kashe ƙaƙƙarfan magidanci cikin 'yan sa'o'i idan ba a mayar masa da ruwan jikinsa ba.

Ƙwayar cuta mai suna Vibrio cholerae ce ke haddasa ta, tana shiga ta baki a cikin ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, kuma alamunta kan bayyana tsakanin awa 12 zuwa kwana 5. A 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, ta ƙididdige mutane sama da 111,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa da Kano na cikin jihohi huɗu da abin ya fi shafa, tare da Bauchi da Zamfara. A wannan yanki cutar ta fi tashi da damina, lokacin da ruwa ke cika masai ya kwarara cikin rijiyoyin da ba su da murfi. A garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja, irin su Auyo, Miga da Ringim, ambaliya kamar ta 2022 takan yanke hanyoyi, sai a iso da mara lafiya a makare, a kan babur ko amalanken shanu, bayan ya riga ya galabaita.

Karɓar mara lafiya

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba wa mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Wanda idanunsa suka faɗa, fatarsa ba ta komawa idan an tsunkule ta, bugun jininsa kuma ya yi rauni, yana cikin halin gaggawa, saboda haka ba daidai ba ne a tsayar da 'yan'uwansa kan kuɗin kati, ko a tura su kyamis sayen ledar ruwa kafin a taɓa shi. Irin wannan ana ɗaura masa ƙarin ruwa nan take, an kuma fi son ruwan Ringer, sannan a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mafi yawan masu cutar kuwa ruwan gishiri da sukari na ORS ya wadatar da su, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kuma babba na iya buƙatar har lita 6 a ranar farko. Ana ƙara wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 ƙwayar zink. Mutanenmu da dama ba sa ganin an yi musu magani sai an ɗaura ruwa, kuma ma'aikacin da ya biye wa wannan zato yakan ƙarar da ledojin da za su ceci wanda ba ya iya haɗiya, don haka bayani cikin natsuwa wani ɓangare ne na aikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa idan an yi jinya da wuri kuma yadda ya kamata, masu mutuwa ba sa kai kashi 1 cikin 100.

Hana cutar yaɗuwa a cikin asibiti

Nan ne mafi yawan aikin yake, nan ne kuma aka fi samun sakaci. Dole ne a ware wa masu amai da gudawa ɗaki ko rumfa ta daban, nesa da ɗakin haihuwa da na yara, da ƙofar shigarsu da masan kansu. Gadon da aka saba amfani da shi mai huda ne a tsakiya, da bokiti a ƙarƙashinsa, da wani a gefe domin amai. Ana haɗa ruwan kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ƙarfi uku: kashi 0.05 cikin 100 domin wanke hannu, kashi 0.2 domin daɓe, gadaje da tufafi, kashi 2 kuma domin bayan gida, amai da gawa. Ƙa'idar ayyukan jinƙai ta duniya ta tanadi lita 60 ta ruwa ga kowane mara lafiya a kullum, da lita 15 ga mai jinyarsa. Asibitin sha-ka-tafi da burtsatsensa ta lalace, yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ba tare da sanin inda aka ɗebo ba, zai iya zama shi kansa tushen cutar.

Al'adar dubiya, wadda addini da zumunci suka ƙarfafa, tana buƙatar kulawa ta musamman a wannan lokaci. Dangi kan cika ɗaki da kwanukan abinci da fura, a ci a kwano ɗaya, a yi amfani da buta ɗaya, sannan kowa ya koma gidansa da abin da hannunsa ya ɗauko. Abin da aka yarda da shi shi ne mai jinya ɗaya tak ga kowane mara lafiya, a koya masa wanke hannu da zubar da bokiti, a kuma fesa wa takalmansa kulorin idan zai fita. Korar masu dubiya da tsawa ba ta haifar da komai sai ɓoye marasa lafiya a gida, shi ya sa ya fi kyau a nemi dagaci, mai unguwa da limami su sanar da dalili tun kafin jama'a su taru a ƙofa. Haka nan sutura haƙƙi ce: gadon mai huda yana tona asirin jiki, kuma macen da ta san babu labule ko ɓangaren mata za ta gwammace ta zauna a ɗakinta har abin ya fi ƙarfinta. Masu shara da masu wanki, waɗanda su ne ke ɗaukar bokitan, sun fi kowa cancantar safar hannu, takalmin roba da horo, ko da yake sau da yawa su ake mantawa.

Idan rai ya yi halinsa, alhakin asibiti bai ƙare ba, domin gawar mai kwalara tana ci gaba da fitar da ƙwayar cutar. Ana toshe kafofin jiki da audugar da aka jiƙa da kulorin, masu wanka su sa safar hannu, a zubar da ruwan wankan a ramin da ba ya kusa da rijiya, a yi jana'iza da wuri kamar yadda Musulunci ya koyar.

Rahoto da shiri

Kowace ƙaramar hukuma, 44 na Kano da 27 na Jigawa, tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma wajibi ne a sanar da shi da zarar an yi zaton kwalara, ba sai sakamakon gwajin bayan gida ya dawo ba. Rajistar da ke ɗauke da unguwar kowane mara lafiya da inda yake ɗiban ruwa ita ce ke nuna rijiya ko kududdufin da ya kamata a rufe ko a zuba wa magani. Ɓoye adadi domin gudun tayar da hankali yana jinkirta zuwan kayan agaji ne kawai.

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan jami'in lafiya ɗaya da ke kwana da fitilar waya a asibitin ƙauye. Tanadin ORS, ledojin ruwa, kulorin, sabulu da gyaran burtsatse kafin ruwan farko ya sauka nauyi ne na hukumomin lafiya matakin farko na jiha da na ƙananan hukumomi. Wajen sallama kuwa, sai mara lafiya ya daina amai, yana sha da kansa, yana kuma fitsari, a ba shi ƙullin ORS ya tafi da shi, a kuma faɗa wa iyalinsa cewa ƙwayar cutar na iya ci gaba da fita a bayan gidansa har kwana 10, domin su riƙa dafa ruwan sha, su wanke hannu da sabulu, su kuma dawo da duk wanda ya fara gudawa ba tare da jiran wayewar gari ba.