Almiski, jibda da ambar: abin da doka ta ce wa mai sayar da turare

Yawancin kwalaben da ake jerawa a kasuwar Dole ta Damagaram da sunan almiski ba su da wata alaƙa da dabba. Haɗin masana'anta ne, wanda aka fara yi tun 1888, kuma doka ba ta hana cinikinsa ba. Rigimar tana farawa ne ranar da wani ya buɗe ƙyalle ya nuna maka ƴar jakar fata mai gashi, ya ce wannan ne na asali.

Jakar nan daga cikin namijin barewar miski ake yanko ta, kusa da cibiya. Dabbar tana zaune a duwatsun Asiya, kuma abin da ke cikin jaka guda bai cika wuce giram 25 ba. Mafarauta tarko suke ɗanawa, tarko kuwa bai san namiji da mace ba, sai mata da ƙanana su mutu a banza alhali ba su da almiskin ko kaɗan. Wannan ɓarnar ce ta sa aka shigar da barewar cikin yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a 1973, Nijar kuma ta shiga a 1975.

Yarjejeniyar ta kasa halittu gida uku. Na rukunin farko, ba a yarda a tsallaka iyaka da su don kasuwanci ba. Barewar miski ta Indiya, Nefal, Pakistan da Afganistan tana nan. Ta Sin da Rasha tana rukuni na biyu: ana iya ciniki, amma sai da takardar izinin fitarwa daga ƙasar da kayan suka fito. Juda, mai ba da jibda, tana rukuni na uku, inda ake neman takardar shaidar asalin kayan.

Nan ne ƴan kasuwa ke tuntuɓe. Rasidin kanti na Dubai ko Makka ba izini ba ne. Takardar izinin fitarwa ta CITES ta kaya guda ce, ba ta wuce wata shida, ta asali ake nunawa ba kwafi ba, kuma nauyin da aka rubuta dole ya yi daidai da abin da ke cikin kwali. In an sami saɓani, jami'an duwan na da ikon riƙe kayan, ko da mai shi bai taɓa ganin dabbar da idonsa ba.

Juda kuwa tamu ce ta Afirka. Ba a kashe ta don jibda, amma ana tsare ta a ƙunƙuntaccen keji ana kankare maiƙon daga ƙarƙashin wutsiyarta, kuma yawanci daga daji ake kamo ta. A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998 ce ke tsara farauta da kare namun daji. Kama naman daji sai da izini, kuma wurin jami'an gandun daji ake tambaya tun kafin a ɗana tarko, ba bayan an kama ba.

Ambar daga cikin wani babban kifin teku yake fitowa. CITES na kallon wanda ruwa ya turo gaɓa a matsayin abin da dabbar ta fitar da kanta, don haka ba ta hana cinikinsa ba, amma Amurka da Indiya sun hana cinikinsa.

Itacen oud da mata ke sawa a turaren wuta shi ma yana rukuni na biyu. Matafiyi, alhaji ko hajiya, an sassauta masa ya riƙo na amfanin kansa: kilo 1 na guntayen itace, mililita 24 na mai, da carbi biyu. Ba kowace ƙasa ce ke aiki da wannan sassaucin ba, don haka a tambaya kafin a ɗaure kaya. Abin da ya haura wannan, sai da takarda.