Me ake nufi da "dam ya ɓalle"?

Tun ranar 10 ga Satumban 2024 da ruwan dam ɗin Alau ya mamaye Maiduguri, kalmar "ɓallewa" ta zauna a bakin 'yan rediyo. Ko gonar shinkafa kogi ya ci, sai ka ji an ce dam ya ɓalle. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin abubuwa daban-daban ake cusawa cikin kalma ɗaya.

Idan hukumomin Kamaru suka buɗe ƙofofin dam ɗin Lagdo, kamar yadda suka yi a 2012 da 2022, ruwa ya biyo kogin Binuwai, wannan sakin ruwa ne. Da gangan ake yi don kada dam ɗin ya fashe. Idan kuma ruwa ya cika ya bi ta hanyar da aka gina masa tun farko, tumbatsa ke nan.

Ɓallewa fa? Duba inda Bahaushe yake amfani da ita. Maɓallin riga yakan ɓalle, akuya takan ɓalle daga turke. Wanda ya taɓa kiwo ya san akuya ba ta ɓallewa da sabuwar igiya. Sai igiyar ta sha rana da damina, ta fara tsinkewa zare-zare, mai ita yana gani kullum yana cewa gobe zai sake. Haka madatsar ƙasa take. Tarin ƙasa ce da aka daddaɓe, kuma tana tsufa: gara da ɓeraye su yi rami, saiwar bishiya ta ratsa, ruwa ya fara tsattsafowa ta bayan bango, ƙofofin ƙarfe su yi tsatsa har su ƙi buɗuwa ran da ake buƙata. Laka kuma ta cike cikin, wurin da zai ɗauki ruwan damina ya ragu. Duk wannan ana ganinsa da ido shekaru kafin ranar.

Shi ya sa kalmar take da nauyi a wurin masu mulki. Bayan ambaliyar Maiduguri, ministan ruwa Joseph Utsev ya ce Alau bai ɓalle ba, tumbatsa ya yi. Tumbatsa laifin ruwan sama ne, ɓallewa kuwa tana tambayar wa aka ba amanar kulawa. Dam ɗin da aka kammala a 1986, wanda ruwansa ya taɓa cin garin a 1994, daga baya aka amince da naira biliyan 80 don sake gina shi. A ganina ba a kashe irin wannan kuɗi a kan abin da tumbatsa kawai ya yi.

Mutanen Kano sun ga ɓallewa ta gaskiya a madatsar Bagauda a 1988. Madatsar Tiga, da ke kusa da ita, tun 1974 take tsaye, ta haura shekara 50 tana riƙe da ruwa a saman garuruwa da gonakin Kadawa.