Ƙananan allurai masu auna sinadaran jiki

Wannan wata na'ura ce da ake mannawa a fata kamar filasta, a ƙarƙashinta akwai jerin allurai 'yan mitsi-mitsi, yawanci tsawonsu bai kai milimita 1 ba. Ba jini suke zuƙa ba. Saman fata kawai suke hudawa su tsaya cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki, kuma tunda ba sa yin zurfi da ƙyar mutum yake jin shigarsu. Shi wannan ruwan, yawancin ƙananan sinadaran da ke cikin jini suna tsattsafowa cikinsa, suga ne, gishiri ne, har maganin da mutum ya sha.

Bakin allurar ake shafa wa wani sinadari da ke gane abu ɗaya tak, in suga ake nema to da ya haɗu da sugan sai a samu 'yar wutar lantarki daidai yawansa, na'urar ta mayar da ita lamba ta tura waya ta Bluetooth. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Leland Clark da Champ Lyons, ne suka kawo asalin wannan dabarar awo da sinadari tun 1962. A 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da na'urar farko mai bibiyar suga ba tsayawa, ta kamfanin MiniMed. Irin su FreeStyle Libre na masu ciwon suga 'yan uwa ne, sai dai su siririn zare ɗaya suke sakawa mai kusan milimita 5, yana yin kwana 14.

Inda abin ya fi muhimmanci gaskiya shi ne wajen marasa lafiya da ke kwance a asibiti. Gwajin jini sakamakon lokaci ɗaya yake bayarwa, kafin ya dawo daga lab jikin ya riga ya canza, alhali magani kamar antibayotik in ya yi kaɗan ƙwayar cuta ba ta mutuwa, wani kuma in ya yi yawa ya taɓa ƙoda. A 2019 masu bincike a Imperial College da ke Landan sun gwada irin allurar nan a hannun mutane masu lafiya tana bin yawan fanisilin, wani maganin antibayotik, a jikinsu. A 2022 kuma na Jami'ar California a San Diego suka nuna ɗaya mai auna abu biyu lokaci guda, suga da barasa ko suga da laktet (sinadarin da ke ƙaruwa a jiki in tsoka ta yi aiki sosai).

Matsalolin ba ƙanana ba ne fa. Ruwan nan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki yana makara da wasu mintoci bayan jini, furotin yana taruwa a bakin allurar har awon ya fara kaucewa, motsi ma kan sa ta zame. Shi ya sa yawancinsu har yanzu a matakin gwaji suke.