Bayanan muhalli a kwamfuta da yadda ake canza su da sikirif

Sikirif shi ne ɗan gajeren rubutun umarnai da kwamfuta ke bi ɗaya bayan ɗaya. Bayanan muhalli kuwa, waɗanda 'yan kwamfuta ke kira environment variables da Turanci, wasu 'yan bayanai ne masu suna da ƙima da tsarin kwamfuta ke miƙa wa kowace manhaja lokacin da aka tashe ta. Mafi shahara shi ne PATH, jerin foldojin da kwamfuta ke lalube in an buga sunan umarni. Akwai HOME na foldar mai amfani, akwai TEMP na foldar fayilolin wucin gadi, akwai TZ na agogo wanda a Najeriya ake sa masa Africa/Lagos, da LANG wanda a Linux ana iya ba shi ha_NG.UTF-8 na Hausar Najeriya. Sau da yawa ɗalibai da PATH suke fara cin karo, yaro ya sayo laftof ɗinsa ya sa Python ko Java ya buga umarni Windows ta ce ba ta san shi ba, ya yi zaton kwamfutar ce ta lalace alhali sunan folda ɗaya ne bai shiga jerin ba.

Tarihi

A siffar da muka san su yanzu, sun fito ne da tsarin Unix bugu na 7 a 1979, a Bell Labs da ke Amurka, tare da shel (manhajar da ke karɓar umarnin da aka buga) ɗin da Stephen Bourne ya rubuta, wanda a cikinsa ake amfani da umarnin export wajen miƙa su ga wasu manhajoji. Ƙa'idar da aka kafa tun lokacin ita ce har yau ake kai: in manhaja ta haifi wata, wato ta tashe ta, 'yar kwafi take gada na bayanan uwar, ba asalin ba. Duk abin da 'yar ta canza a kanta ya tsaya, da ta mutu ya tafi da ita, uwar ba ta ma san an yi ba. Tsari ne mai kyau gaskiya, don da ba haka ba da kowace ƙaramar manhaja sai ta iya rikita wa sauran saiti.

DOS, tsohon tsarin Microsoft, ta ɗauki abin a bugu na 2.0, a 1983. Can ana rubuta SET ne a cikin fayil ɗin AUTOEXEC.BAT da ake karantawa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kuma wurin ajiyar ɗan ƙarami ne sosai har ya kan cika ya ƙi karɓar ƙari. Da zuwan Windows NT a 1993 aka mayar da su cikin rajista, ma'ajiyar saitin Windows, aka raba gida biyu, na mai amfani ɗaya da na kwamfuta gaba ɗaya.

Canza su da sikirif

A nan ne mutane ke shan wahala. Wanda ya rubuta os.environ a Python ya sa ƙima, to ya canza wa sikirif ɗinsa ne da 'ya'yan da zai haifa kawai, ya rufe ya buɗe wata taga ba zai ga komai ba. Ba Python ce ta gaza ba, Perl da Ruby ma haka suke, ƙa'idar gadon nan ce. In ana son canjin ya zauna dole a je a rubuta shi a wurin da tsarin ke karantowa.

A Windows, a cikin rajista, wurin na kwamfuta gaba ɗaya shi ne HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Session Manager\Environment, na mai amfani kuma HKEY_CURRENT_USER\Environment. Na farkon sai da izinin admin. Python na da winreg na taɓa rajista, amma rubutawa kaɗai bai isa ba, sai an watsa saƙon WM_SETTINGCHANGE sannan Explorer, manhajar da ke nuna foldoji da tebur, ya sake karantawa, kuma ko da hakan tagogin umarni da suke buɗe tun da farko da tsohon bayaninsu za su ci gaba. PowerShell, shel ɗin Windows da ta fito a 2006, ta sauƙaƙa da SetEnvironmentVariable in aka ba ta Machine, wato na kwamfuta gaba ɗaya. Akwai kuma umarnin setx da /M mai yin wannan aikin, sai dai a yi hattara da shi a kan PATH, yana datse duk abin da ya wuce haruffa 1024, mutum ya zo ƙara folda ɗaya ya yi asarar rabin jerin. Don Allah kafin a taɓa PATH a kwafe tsohon a ajiye a gefe.

A Linux fayiloli ne: /etc/environment, wanda layukan suna=ƙima kawai yake karɓa ba sikirif ba ne, sai /etc/profile da foldar /etc/profile.d. Ana buƙatar sudo, umarnin samun izinin admin, kuma sai an fita an sake shiga canjin ke aiki.

A macOS akwai umarnin launchctl setenv, da fayil ɗin /etc/paths na jerin PATH.

Tsaro

A Satumbar 2014 aka bayyana Shellshock, wani kuskure a shel ɗin Bash da ya ba maharan intanet damar cusa umarni ta cikin bayanan muhalli, kuma ya yi shekaru sama da 20 yana kwance a cikin manhajar kafin a gano shi. Batun ajiye kalmar sirri a cikinsu kuwa ana saɓani, wasu na ganin ya fi a rubuta ta cikin kod, wasu na cewa duk 'yar da aka haifa za ta gaje ta.