Maganin damuwa ta hanyar gyaran tunani: tambayoyi da amsoshi

Wane irin magani ne wannan?

Zama ne da ƙwararre, ba allura ba ƙwaya. Da Faransanci ana taƙaita sunansa da TCC. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck na jami'ar Pensilbeniya a Amurka ne ya shimfiɗa shi a shekarun 1960, bayan ya lura cewa masu ciwon damuwa wasu tunane-tunane kan faɗo musu ba sallama, su kuma karɓe su a matsayin gaskiya.

Yaya ake yinsa?

A ɗauki matar da mijinta ya bar Tawa ya tafi biɗa Abijan. Ta kira ta kira, bai ɗaga ba. Nan take zuciya ta ce mata ya yi wani aure, ya manta da ita. Barci ya ƙaurace, ta daina zuwa suna da biki, kaɗaici ya ƙara hura wutar. Mai maganin zai tambaye ta: mece ce hujja? Bai taɓa yin shiru ba sannan ya kira? Watan jiya bai aiko da kuɗi ba? Sai su auna tare. Ya kuma ba ta aikin gida: ta lura da lokacin da tunanin ke zuwa, ta leƙa maƙwabciya ko da ranta bai so. Wadda ba ta rubutu tana iya ɗaukar muryarta a waya.

To, ba nasiha ba ce kawai?

A'a. "Yi haƙuri" mun iya ta, kuma tana da ranarta. Amma nan mai ciwon ne ke koyon tuhumar tunaninsa da kansa, har ya iya ba tare da kowa ba.

Zama nawa?

Galibi 5 zuwa 20, sau ɗaya a mako. Ana yinsa don ciwon damuwa, fargaba, waswasi, rashin barci da firgicin bayan tashin hankali.

Sai an bar ƙwaya ko addu'a?

Ko kusa. Addu'a ba ta hana shi, kuma wanda likita ya ɗora kan ƙwaya kada ya yanke da kansa. Mai jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, ko mai taɓin hankali mai tsanani, magana kaɗai ba ta isar masa.

Ina za a nufa?

Ƙwararrun kaɗan ne, yawancinsu a Yamai, inda babban asibitin ƙasa ke da sashen masu taɓin hankali. Daga nesa, a fara da asibitin unguwa a nemi a tura mutum gaba. Wanda ya fara zancen kashe kansa kuwa, a kai shi a ranar.