Sauya Baturan Jirgin Ruwa zuwa Lithiyom da Daidaita Na'urorin Caji

Sauya baturan jirgin ruwa shi ne cire rukunin baturan dalma da ke ba fitilu, firji, rediyo da famfon kwashe ruwa wuta, a maye gurbinsu da na lithiyom, galibi nau'in LiFePO4, wato lithiyom mai haɗe da ƙarfe da fosfet. Aikin ya shafi masu ƙananan jiragen kamun kifi da na shaƙatawa a gabar Bahar Maliya, da masu gyara.

Baturin dalma, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859, yana da ɗakuna shida na volt 2, kuma ba a son a sha fiye da rabin cajinsa. Na LiFePO4 yana da ɗakuna huɗu na volt 3.2, wato volt 12.8, ana iya shan kashi 80 cikin ɗari na cajinsa ko fiye, ga shi nauyinsa bai kai rabin na dalma ba.

Sai dai baturin shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin; wahalar tana wurin abin da zai yi masa caji. Daynamon inji an gina shi ne domin dalma, wadda ke rage jan wuta da kanta yayin da take cika. Lithiyom kuwa yana zuƙar duk abin da daynamo zai iya bayarwa har ya kusa cika, don haka idan inji yana tafiya a hankali, fankar daynamo ba ta juyawa sosai, sai ya ɗauki zafi a cikin ɗakin injin da rana ta riga ta gasa, har a ji ƙaurin waya. Haɗari na biyu yana zuwa ne daga na'urar BMS mai tsaron baturin: idan ta yanke caji kwatsam inji yana aiki, wutar da ta rasa wurin zuwa tana iya ƙona dayod ɗin daynamo. Hanya mafi aminci ita ce a bar baturin dalma domin tayar da inji, a sanya cajar DC-DC, wato cajar da ke ɗebo wuta daga wani baturi ta cika wani, tsakaninsa da rukunin lithiyom, a ƙayyade mata ampiyan da daynamo zai jure.

Cajar sola da ta wutar tashar jirage su ma sai an sake saitinsu. Ana cika LiFePO4 a tsakanin volt 14.2 da 14.6, kuma wajibi ne a kashe tsarin nan na tafasa ruwan baturin dalma, wanda ke haura volt 15, tare da na daidaita caji gwargwadon zafi. Wutar Saudiyya tana tafiya a kan haz 60, wato sau 60 take kai-komo a cikin daƙiƙa ɗaya, ta Sudan kuma 50, don haka jirgin da ke tsallakawa daga Saudiyya zuwa tashar Sawakin ta Sudan yana bukatar caja mai karɓar duka biyun.

Ba a gane ragowar cajin lithiyom da duba volt, domin adadin kusan ba ya motsi sai baturi ya kusa ƙarewa. Mita mai ƙirga ampiyan da suka shiga da waɗanda suka fita ce ke faɗin gaskiya. A kusa da kan baturin ana sa fius mai ƙarfin yanke babbar wuta, kamar nau'in Class T, a kuma ajiye rukunin nesa da inji, inda iska ke ratsawa kuma ruwan gishiri ba ya kaiwa.